Kundin aikina a kan MXene: fallen taitaniyam da 'yan maƙalensa

4 Nuwamba 2024

Kaya sun iso yau, bayan sati bakwai ina zuba ido. 'Yar roba ce da ba ta kai gwangwanin madara ba, cikinta giram 25 na garin Ti3AlC2, toka-toka mai nauyi kamar kwalli. Da kuɗin jirgi da na fito da kaya ta tasar mini naira 148,000. Baba mai kula da ɗakin gwajinmu ya jujjuya ta a hannu ya ce, "'Yata, wannan ce ta cinye kuɗin rago?" Na ce ai Baba har da na gawayin gashi.

Na buɗe kundin nan ne don ƙwaƙwalwa ba abin dogaro ba ce, kuma wanda zai gaji teburin nan bayana ya san ramukan da na faɗa.

Garin nan a jere yake hawa-hawa: falle na taitaniyam da kabon, sai siririyar shimfiɗar alminiyam, sai wani fallen, haka har ƙarshe. In aka cinye alminiyam ɗin da asid mai fulorin, sai fallayen su saki juna, kowanne kaurinsa kusan nanomita ɗaya. Shi ake kira MXene, ana furta shi "maksin". A 2011 aka fara fitar da shi a Jami'ar Drexel da ke Filadelfiya a Amurka, aikin Michael Naguib lokacin yana ɗalibi a hannun Michel Barsoum da Yury Gogotsi.

Abin da ya shafe ni shi ne fuskar fallen. Taitaniyam ɗin da aka raba da alminiyam ba ya zama tsirara ko na ƙiftawar ido; duk abin da ya tarar a ruwan yake cafkewa, ko oksijin, ko OH (oksijin haɗe da haidirojin), ko fulorin, wani lokaci har da ɗan kulorin. Su ne harafin T a cikin Ti3C2Tx, sunan fallen a rubutun kimiyya. Ni 'yan maƙale nake ce musu, Malam kuma ya daina gyara mini. Tambayar digirina ɗaya ce: in na rage fulorin na ƙara oksijin a fuskar nan, cajin da fallen zai riƙe a sufakafasita, na'urar ajiye wuta mai saurin cika da saki, zai ƙaru da nawa?

7 Nuwamba

Kwana uku a kan shirin kare kai kawai. Hanyar da zan bi ita ce gishirin LiF (litiyam da fulorin) a cikin asid ɗin HCl, kuma na ji wasu ɗalibai na cewa tunda ba a zuba HF, wato asid ɗin fulorin, daga kwalba ba, babu haɗari. Akwai. HF ɗin a cikin robarka yake haɗuwa. Yana cin gilashi, yana ratsa fata ba tare da zafi nan take ba, ya je ya kama kalsiyam ɗin jiki. Baba ya kwashe duk wani kofin gilashi daga akwatin zuƙe hayaƙi, ya ce in ya ga ko ɗaya a ciki zai kulle ɗakin.

Man kalsiyam gulukonet da ake shafawa in HF ya taɓa mutum, na zaga kantunan magani biyar babu. A na shida mai harhaɗa maganin ya haɗa mini shi a man shafawa mai narkewa a ruwa, kashi 2.5 cikin ɗari. Da safar hannu mai kauri da garkuwar fuska, naira 23,000. Fankar akwatin hayaƙin ma bel ɗinta ya tsinke, an sa sabo.

11 Nuwamba

Jiƙo na farko. Mililita 20 na HCl mai ƙarfin mola 9 a robar teflon, giram 1.6 na LiF, na bar shi yana juyawa ya narke. Sannan giram ɗaya na garin, tsinke-tsinke, cikin minti goma. Ba a zuba shi gaba ɗaya, don yana zafi yana kumfa, kumfar nan kuwa haidirojin ce. Murfin ma ba a ɗaure shi tam. Digiri 35, awa 24, ana juyawa ba tsayawa.

Juyawar awa 24 a garin da wuta ke zuwa yadda ta ga dama, nan ne aikin. Na aro batirin inbata daga ɗakin gwajin maƙwabta, na sayi fetur na janareta a ajiye. Lita ta haura naira dubu. Na dawo bayan isha'i na duba, yana juyawa.

12 Nuwamba

Wanki. A zuba ruwa mai tsabta, a girgiza, a sa a na'urar juyi a gudun juyi 3,500 a minti, har minti biyar, a tsiyaye ruwan sama, a sake. Ruwan farko takardar gwajin asid ta yi ja wur. Ruwan da aka tsiyaye ba a zubar da shi a kwata. A jarka yake shiga, in zuba masa kalsiyam haidiroksaid ya kama fulorin ɗin ya kwanta.

Har wanki na biyar ruwan sama garau yake, tsakin ƙasa kuma a danƙare, gabana ya fara faɗuwa. A na bakwai sai abu ya canja. Tsakin ya kumbura ya ninka kansa, ya koma laka mai santsi kamar yumɓun maginiya, ruwan saman ya yi baƙi da ɗan kore in an ɗaga shi a haske. Na yi kabbara da ƙarfi har Baba ya leƙo.

Kumburin nan ma aikin 'yan maƙale ne. Su suka sa fuskar fallen take son ruwa, suka kuma ba ta cajin da ke ture 'yar'uwarta. Da asid ya ragu, sai litiyam ya shige tsakanin fallaye ɗauke da ruwansa, ya buɗa su. Girafin, fallen kabon zalla wanda aka fitar a Manchesta a 2004, in yana nan tsantsarsa gudun ruwa yake yi. Wannan kuwa girgiza da hannu ta minti goma sha biyar ta wadatar. Bayan juyi na awa ɗaya na tara mililita 80. Na haska masa 'yar fitilar lesa ta nuni a allo, jan layi ya ratsa shi sarai. Na tace mililita biyar na auna: kusan miligiram uku a kowace mililita. Wato daga giram ɗaya na tsira da abin da bai kai rubu'i ba sosai, sauran na ƙasan roba.

15 Nuwamba

Na tace mililita goma a kan matata da famfon zuƙo iska. Da ya bushe ya ɓantaro da kansa, faifai kamar takardar alawa, baƙi mai sheƙin shunayya, yana lanƙwasuwa ba ya karyewa. Na ɗora masa mita, 'yan om kaɗan ya nuna, wato wuta na bin sa cikin sauƙi. Wata ƙanwata 'yar aji huɗu ta haɗa shi da batir da ƙaramin ƙwan fitila, ya kama.

Ƙurar hunturu ta fara. Faifai na biyu na bar shi a buɗe minti ashirin, ya yi ɗigo-ɗigo. Daga yau komai a rufe.

19 Nuwamba

Babu wuta tun safe. Na yanka faifai, na wanke robobi, na kai samfur uku gwajin XRD, mai haska X-ray ya nuna yadda fallaye suke a jere, naira 12,000 kowanne.

22 Nuwamba

Sakamako ya dawo. A zanen garin asali akwai tsini a kusurwar digiri 39, alamar alminiyam na wurinsa. A faifaina ya ɓace. Tsinin da ke nuna tazarar fallaye ya matsa daga 9.5 zuwa 6.9, wato tazarar ta tashi daga nanomita 0.93 zuwa kusan 1.28. A tsakin ƙasan roba kuwa 39 ɗin na nan daram, can alminiyam bai gama fita ba. Jiƙo na gaba zan tankaɗe garin in cire manyan tsaki.

27 Nuwamba

Yau na ga abin da nake karantawa shekara guda da idona.

Faifai ɗaya na yanka biyu. Rabi na sa a ruwan gishirin Na2SO4, rabi a asid ɗin H2SO4, dukansu mola ɗaya, a kan kabon mai kama da gilashi, ina aunawa da sandar kwatanta bolt ta Ag/AgCl. Na'ura na hawa da sauka da bolt a hankali, milibolt biyar a daƙiƙa, tana zana abin da ya shiga da abin da ya fita. A ruwan gishiri zanen ya fito kamar bulo, shafe, farad 95 a giram (farad shi ne ma'aunin riƙe caji). A asid sai ga tozo biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, wajen bolt −0.3, lissafi ya ba ni kusan farad 240 a giram.

Faifai ɗaya, rana ɗaya, hannu ɗaya ya yanka. Bambancin shi ne sodiyam yana shiga tsakanin fallaye lulluɓe da ruwansa, ya tsaya nesa kaɗan da fuskar, kamar baƙon da aka sauka a zaure. Firoton ɗin asid kuwa har ɗaka yake shiga: ya kama oksijin ɗin da ke maƙale ya mai da shi OH, taitaniyam ɗin da ke ƙarƙashi ya karɓi ilektiron. In an juya bolt, ya saki ya fita. Ruwan da ke kwance tsakanin fallaye shi ke miƙa firoton hannu zuwa hannu, shi ya sa abin ke da sauri. Fulorin ba ya wannan ciniki. Ya zauna a kujera ne kawai, ba ya saye ba ya sayarwa. Duk aikina a kan tashinsa yake.

Mutanen Drexel da suka fara wannan hanya ta LiF da HCl a 2014 sun samu farad 900 a kowane santimita kubik a irin wannan asid, kusan 245 a giram. Ban yi nisa da su ba, na ji daɗi.

Daɗin ne ya ja ni na yi wauta. Na ce bari in faɗaɗa iyakar bolt in ga ko zan ƙara samu, na tura shi har +0.6. Layin ya yi tsalle sama sau ɗaya, zagaye na gaba tozon ya fara lotsawa, bayan zagaye goma ya zama ba shi ba. Na ƙona fuskar da hannuna. Iyakata daga yau −0.55 zuwa +0.2.

28 Nuwamba

Gobe zan tafi gida bikin 'yar baffana. Na tsinka sauran ruwan MXene ɗin da ruwa don ya yi sauƙin tacewa in na dawo, na sa a firij.

9 Disamba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ruwan ya mutu.

Taransifomar ɓangarenmu ta ƙone kwana biyu da tafiyata, kuma babu wanda ya ga dalilin tayar da janareta saboda firij ɗaya. Sati guda firij ɗin ya zama akwati kawai. Da na buɗe, kwalbar da na bari baƙa ƙirin ta koma ruwan toka kamar ruwan wankin shinkafa, da farin gari kwance a ƙasa. Na girgiza, ya tashi ya sake kwantawa. Na tace kaɗan ko Allah zai sa, abin da ya fito ya ƙi ɓantaruwa, ya farfashe a kan matatar, mita ta nuna dubban om.

Ina so in ɗora wa wuta laifin duka, amma ba zai yiwu ba. Kwalbar rabi ce, rabin sama iska. Na tsinka shi, alhali tsinkakken ruwa ya fi saurin lalacewa a kan mai kauri. Kuma tun 12 ga Nuwamba yake zaune, sati huɗu ke nan. Da na kai wa Malam kwalbar ya ɗaga ta a taga ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kin ba shi ruwa, kin ba shi iska, kin ba shi zafi. Me kike so ya yi miki?" Na ce, "Gaskiya ne, Malam." Ya ce in kai farin garin XRD duk da haka, asarar ma a rubuta ta da lamba.

Farin nan TiO2 ne, irin wanda ake sawa a farin fenti. Daga gefen falle da wuraren da ya huje yake fara ci, ya bi ciki har ya cinye kabon ɗin. Na kwana ina tunanin yadda abin yake: oksijin nake nema ido rufe a fuskar fallen, oksijin ne kuma ya kashe mini aikin wata guda. In ya zauna ɗaiɗai a saman taitaniyam, kabon na ƙasa lafiya, shi ne mai riƙe caji. In ya kutsa ya raba taitaniyam da kabon, sai fenti.

Ba ni kaɗai ba ce. A 2017 wasu masu bincike a Dablin sun nuna cewa kwalba cike da iskar argon, wadda ba ta haɗuwa da komai, a cikin sanyi tana tsawaita ransa sosai. A 2019 wasu a Mizuri suka nuna ruwan kansa ma yana cin fallen ko babu iska. Duk na karanta waɗannan kafin in tafi biki. Faifan da na busar ranar 15 ga Nuwamba kuwa, yana cikin tukunyar busarwa, ko gezau bai yi ba.

13 Disamba

Jiƙo na biyu, giram biyu a roba biyu, da tankaɗaɗɗen gari. An samu fiye da na farko. XRD na mataccen ya dawo da tsini a 25.3, TiO2 ne ba tantama.

Sabuwar doka: ruwa ba ya wuce kwana uku. A busa masa argon, a cika kwalba har baki, abin da ba za a yi aiki da shi ba a mai da shi faifai. Wani abokin karatuna ya ba ni shawarar gishirin bitamin C, wanda wasu a Tekzas suka nuna a 2019 yana kare fallen daga lalacewa. Na ƙi. Maƙalewa yake yi a gefen fallen, ni kuma abin da ke maƙale nake aunawa. Ba zan ƙara baƙo a ɗakin da nake ƙirga mutane ba.

Argon daga wajen masu sayar wa masu walda na samo, cikon silinda naira 65,000.

17 Disamba

Matakin korar fulorin na farko: jiƙa a KOH (fotasiyam haidiroksaid), don OH ya ture wani ɓangare na fulorin, fotasiyam kuma ya shiga tsakanin fallaye.

Ina zuba KOH a ruwan, kafin in ajiye kofin ya tsinke. Duk wadda ta taɓa yin awara ta san wannan gani: madarar waken suya na tafasa, a zuba ruwan tsami, nan take ta dunƙule ta bar ruwa garau. Haka ya yi, sai dai baƙa ce awarar. Fotasiyam ya rufe cajin da ke sa fallaye ture juna, sai suka rungume a yamutse. Na bar shi yana juyawa awa huɗu, na wanke har ruwan ya daina santsi, na tace.

Faifan ya fi na da kauri, ba sheƙi, yana da kaushi kamar takardar siminti. A asid ya ba ni kusan 275. Abin da ya fi jan hankalina shi ne da na ƙara gudu zuwa milibolt 100 a daƙiƙa, bai zube kamar na farko ba. Faifai mai santsi fallayensa a manne suke kamar sababbin kuɗi, firoton sai ya yi dogon zagaye kafin ya kai tsakiya.

20 Disamba

Mataki na biyu, gashi: digiri 400 a cikin argon, don OH ya saki haidirojin ya bar oksijin zalla. Wasu masu bincike a Sin sun bi wannan hanya ta KOH da gashi a 2017 suka kai farad 517 a giram. Ita nake bi.

Na sa faifai uku a bututun tanda, na buɗe argon, na kunna. Awa biyu a 400, sannan ya huce da kansa. Da la'asar na jawo kwanon: gefunansu fari fat, tsakiya toka, ina taɓa ɗaya da hantsaki ya ruguje. Iska ta shiga ta wani wuri. Abin da ya ɗauki sati huɗu a kwalba, a tanda awa biyu ya ishe shi.

Faifai uku, rabin silinda, fetur ɗin janareta na yini guda. Ban yi kuka ba, amma ban iya cin abincin dare ba. Gobe ake rufe makaranta.

6 Janairu 2025

An dawo. Baba ya kaɗa ruwan sabulu a kofi, ya toshe bakin bututun ya buɗe gas kaɗan, ya bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da soso, yadda mai faci ke neman hujin taya. A murfin baya kumfa ta tashi. Zoben robar da ke ciki ya bushe ya tsage, tsagar da sai an lanƙwasa shi ake ganinta. Ya ce, "Tun bara nake cewa a canja shi." Sabo naira 1,500. Na dubi zoben nan na dubi lissafin asarata, na yi shiru.

Ya kuma koya mini dabara: a sa ɓarɓashin jan ƙarfe a gaban samfur, ta inda gas ke shigowa. In akwai oksijin, jan ƙarfen zai fara kama shi ya yi baƙi, ya zama mai gadi kuma mai shaida. Za a bar argon ya wanke bututun minti arba'in kafin a kunna wuta.

8 Janairu

Gashi na biyu. Jan ƙarfe ya ɗan dusashe kawai. Faifai sun fito baƙaƙe, lafiya lau. An sake cika silinda.

10 Janairu

Gasasshen ya ba ni 320. Na rubuta lambar na ja mata layi biyu, na kusa tura wa Malam a WhatsApp. Allah ya sa na tsaya na sake duba littafin awo.

Ɗan da'irar da nake yankawa nauyinsa miligiram 0.6 ne. Sikelinmu kuwa iyakar ganinsa 0.1. In ainihin nauyin 0.7 ne, 320 ɗina ya koma 274, daidai da wanda ba a gasa ba. Wato duk ƙarin da nake murna da shi zai iya zama rawar sikeli. Ƙari a kan haka, fallen nan shan ruwan iska yake yi yana saki. Na auna wani babban faifai da sassafe, na sake aunawa da azahar lokacin da busasshiyar iskar hunturu ta kankama har leɓe na tsagewa, nauyin ya ragu. Ruwan da ke tsakanin fallaye ke fita, tazarar ma tana motsi da shi. Lambobina na Nuwamba da na yau ba a iska ɗaya aka auna su ba.

Gyara: in busar da babban faifai, in auna shi gaba ɗaya nan take a sikelin wani sashe mai ganin 0.01, in raba da faɗinsa, sannan in yanka. Kowane iri sau uku. Na roƙi mai kula da sikelin, ya ce Talata da Alhamis.

14 Janairu

Da sabon awo, matsakaicin uku-uku: na asali 232, mai KOH 271, gasasshe 308. Ƙarin na nan, bai kai yadda na so ba, kuma 517 ta yi mini nisa.

Na kai wa Malam da sakamakon EDX, gwajin da ke ƙirga sinadaran da ke jikin samfur, wanda ya nuna fulorin ya ragu, oksijin ya ƙaru. Na ce, "Malam, ga shi, fulorin ya tafi caji ya hau." Ya cire tabarau ya ce, "KOH ɗin nan abu nawa ya yi wa faifanki?" Na ce ya cire fulorin. Ya ce, "Sai me?" Na ce ya sa fotasiyam a tsakani. "Sai me?" Ya yamutsa fallayen ya buɗe hanyoyi. Ya ce, "Abu uku kika canja a lokaci ɗaya, kika zaɓi wanda kike so kika ba shi lada. Oksijin ɗin da EDX ya ƙirga miki kuma, wanne ne? Na maƙale, ko na fenti, ko na ruwan da ke ciki?"

Ba ni da amsa, don na'urar ba ta bambance su. Ƙirga take yi kawai. Mataccen ruwana na Disamba da za a sa mata, shi zai fi kowa oksijin. Mai bambancewa ita ce XPS: taitaniyam da ke haɗe da kabon yana fitowa a zanenta wajen 455, wanda ya zama TiO2 yana fitowa kusa da 459, fulorin kuma wajen 685. Ba mu da ita.

Na fito raina a ɓace, amma kafin in kai bakin get na gane abin da ya kamata in yi tun Disamba: in tsinkar da ruwan da KCl, gishirin fotasiyam da kulorin. Fotasiyam zai shiga, fallaye za su yamutse, amma babu OH da zai taɓa fulorin.

16 Janairu

Jiƙo na uku, giram ɗaya. Wanki. Babu labari.

21 Janairu

Awarar KCl ta tsinke kamar ta KOH, ido ba zai raba su ba. Sakamako sau uku: 254.

Ke nan daga cikin 39 da KOH ya ƙara a kan na asali, fiye da rabi na buɗewar hanya ne, ba na korar fulorin ba. Abin da zan iya danganta wa fuskar kai tsaye bai wuce 17 ba a wannan mataki, sai kuma abin da gashi ya ƙara, wanda shi ma sai na gasa mai KCl kafin in san rabonsa. Babin da na fara rubutawa a hutu sai an sake shi daga tushe. Malam da ya gani ya ce wannan ce lamba ta farko da zai yarda ya sa hannu a kanta.

Na tambaye shi batun narkakken gishiri. A 2019 wasu a Ningbo ta ƙasar Sin sun cire alminiyam da narkakken ZnCl2, fallen ya fito da kulorin a fuska, babu fulorin ko kaɗan. A 2020 ɗakin gwajin Dmitri Talapin a Jami'ar Chikago ya wuce nan: suka riƙa sauya 'yan maƙale yadda suka so, sulfa, seleniyam, teluriyam, har suka nuna a fallen niyobiyam cewa abin da ke maƙale ne ke yanke ko wuta za ta bi shi ba turjiya a tsananin sanyi ko ba za ta bi ba. Wannan ita ce hanyar da za ta ba mutum fuska iri ɗaya tsantsa maimakon gaurayen da nake fama da shi. Amma tana son zafin da ya haura digiri 500 na awanni a cikin argon. Malam ya ce tandar da ta ci mini faifai uku a 400, in bari ta yi wata uku ba ta yi yoyo ba tukuna.

Lissafin kuɗi zuwa yau naira 675,500. Garin asali da LiF su kaɗai 240,000, argon 130,000, XRD bakwai da EDX uku 129,000, matatai 55,000, sauran asid ne da ruwa da fetur da kayan kariya da zoben Baba. Tallafin da na samu ya ƙare tun Disamba, yayana ne ya cike. Gari ya rage giram 21.

Sati mai zuwa: gasa mai KCl, sannan zagaye 5,000 na caji da saki a kan kowane iri, in wuta ta bari, don in ga ko gasasshiyar fuskar za ta jure ko za ta riga sauran mutuwa. Wata tsohuwar ɗalibar Malam da ke karatu a Malesiya ta yarda ta yi mini XPS. Na yanka guntu huɗu, kowanne a 'yar kwalba da na busa wa argon na naɗe bakinta, na sa su a leda biyu da ƙullin garin shan danshi. XPS 'yan nanomita na sama kawai take gani, daidai wurin da iska ke fara ci, don haka na haɗa da guntu na biyar daga faifan 15 ga Nuwamba, in ya isa da farin TiO2 mai yawa mu san hanya ce ta ƙara. Mai aika saƙon ya ce kwana goma zuwa sha biyu. Na rubuta ranar rufewa a jikin kowace kwalba.